Taƙi Biyu Sama da Ruwa

Na yi shekara uku ina dako a tashar Bur Sudan kafin in ƙetaro Jidda. A can jirgin ƙasa yana shigowa har bakin ruwa, ya tsaya gefen jirgin ruwa, a sauke buhu daga wannan a ɗora wa wancan, ƙafar mutum ba ta jiƙe ba. Iyakar abin da na sani game da teku ke nan. Daga kan siminti nake kallonsa, yana can ƙasa.

Da na sauke farali ban koma gida ba. Na yi ga-ruwa, na yi dako a kasuwa, daga baya na shiga aikin dutse. A lokacin da dutsen teku ake gina gidajen Jidda, wani farin dutse mai huji-huji da suke kira mangabi. In an ciro shi yana da taushi, gatari ma yana sassaƙa shi, in ya sha rana sai ya yi ƙarfi. Mu goma sha ɗaya ne, duk Hausawa. Da farko a tudu muke haƙa, a wasu ramuka bayan gari. Gari ya yi ta faɗaɗa har ya cim ma ramukan, mai filin ya ce zai yi gini, mu tashi. Sai muka koma kudu, bakin teku, inda dutsen yake shimfiɗe a cikin ruwa. Farkon zafi ne, kuma babu wanda ya taɓa aikin ruwan gishiri a cikinmu.

Ga yadda aikin yake. Mutum shida su tafi da kwale-kwale biyu, irin ƙananan nan da ake kira huri, su shiga ruwa iya ƙugu, su ɓamɓaro dutse da dogayen ƙarafa, su loda. In huri ya yi nauyi ba ya iya isowa gaɓa, don wajen ba zurfi. Can yake tsayawa, taku ɗari da ashirin daga busasshiyar ƙasa. Mu biyar da muka rage mu naɗa gammo, mu shiga ruwa mu ɗauko a ka. Ƙasan ruwan laka ce, a cikinta akwai ɓaraguzan dutse masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba.

A sati na biyu na yanke a tafin ƙafar hagu, kusa da ƙaramin yatsa. Na ɗaure da tsumma na ci gaba. Yankan dutsen teku ba ya warkewa kamar na wuƙa. Ya kumbura, ya yi mugunya, ya zama gyambo. Matata tana gasa mini shi da ruwan zafi kullum bayan magariba, da safe in koma in jiƙa shi. Da ya fara wari na je asibiti. Likita ya matse, ya wanke, ya yi magana da Larabci mai wuya, wani ma'aikaci ɗan Sudan ya juya mini. Ya ce in na ci gaba da shiga ruwa da ƙafar nan, wuƙa ce ƙarshenta. Na ce na ji. Washegari na shiga ruwa. Ba ni da wani aikin, kuma akwai baki uku a gida.

Babbanmu wani tsoho ne mutumin Yawuri, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa jirgi a kogin Kwara kafin ya taho gabas da ƙafa. Baba muke ce masa. Shi ke raba aiki, shi ke jan salla. Wata rana da azahar muna zaune ƙarƙashin rumfar buhu muna cin burodi da wake, sai ya dube ni.

“Kai ɗan reluwe, ƙafar nan taka tun daga nesa take gaishe ni. Wane irin turare ne wannan?”

Na ce, “Na Makka ne, Baba.”

“To a rage mana shi, muna cin abinci.”

Aka yi dariya. Ni kuwa na faɗi abin da na daɗe ina juyawa. Na ce da a ce akwai gada daga gaɓa zuwa inda huri ke tsayawa, a shimfiɗa mata ƙarfen dogo, a ɗora kura mai ƙafar ƙarfe, da mutum biyu sun yi aikin mu biyar, kuma ba wanda zai jiƙe.

Wani daga cikin masu ɓamɓaro ya ce, “Sai kuma a kawo maka jirgin ƙasa da usur, ka riƙa ɗaga mana tuta.”

Baba bai yi dariya ba. Ya juya yana kallon tsibin ɓaraguzan da magina ba sa saye, wanda muka tara a gefe har ya fi mutum tsayi. Ya ce, “Dutse dai muna da shi.”

Wanda ke sayen dutsenmu haifaffen Jidda ne, kakansa Bakano. Yana da takardar ɗan ƙasa, yana da wata tsohuwar motar kaya da yake kai wa magina dutse, kuma shi ne kafilin yawancinmu, wato wanda ya tsaya mana a wajen hukuma. Mai mota muke kiransa. Hausarsa rabi da rabi ce, in ya fara magana da ita sai ya ƙarasa da Larabci. Da Baba ya gaya masa, abin ya yi masa, don dutse zai riƙa fitowa da sauri. Ya ce ya san inda aka zubar da siririn ƙarfen dogo da masu gina sabuwar tasha suka gama aiki da shi, har da kura ɗaya da ƙafarta ta lanƙwashe. Amma ya ɗaga yatsa.

“Ya ammi, nan ba kogin ƙauyenku ba ne. Nan ko turke za ka kafa a bakin bahar, lazim sai da ruhsa.”

Baba ya ce, “Mene ne kuma ruhsa?”

“Takardar izini. Daga baladiyya, hukumar gari.”

“Dutsenmu ne, ƙarfinmu ne, ruwa na Allah. Wa za mu roƙa?”

“Ka gina ba takarda ka gani. Su zo su rushe, su ce kowa ya fito da iƙama, halas. Ni ɗan ƙasa ne, gida zan koma in sha shayi. Ku fa?”

Uku daga cikinmu iƙamarsu, wato takardar zama a ƙasar, ta mutu tun bara.

Ni aka tura tare da mai mota, don ni na san yadda ake shimfiɗa ƙarfe, tun a Bur Sudan na koya wajen masu gyaran dogo. A ƙofar ofis akwai masu rubutu zaune da ɗan akwati a gwiwa, suna rubuta wa mutane buƙata. Muka zauna gaban wani, na yi bayani, mai mota ya juya, ya rubuta, ya manna kan sarki. Sau huɗu muka koma ofishin. Kowane zuwa akwai tambaya. Gadar ta mece ce? Tsawonta nawa? Filin da za ta taso daga kansa na wane ne? Akwai jiragen da ke bi ta wajen? Wannan ta ƙarshe ita suka fi nanatawa. Akwai kuwa. Gaba kaɗan da inda hurinmu ke tsayawa ruwa yana zurfi, ta nan jiragen masunta ke shiga da fita. Muka faɗi gaskiya. Duk ranar da na je ofis rana ce da ban shiga ruwa ba, saboda haka jiran bai dame ni ba.

Bayan kamar wata guda suka aiko mai awo. Ya zo da igiya da turaka, ya naɗe wando, ya shiga ruwa da kansa. Ya kafa turke na ƙarshe taku goma kafin zurfi, ya ce kada mu wuce nan. Sannan ya tara mu ya yi magana a hankali, mai mota yana juyawa. Ya ce izinin da baladiyya ke bayarwa na abin da yake manne da gaɓa ne kuma yake sama da ruwa, wanda mai jirgi zai gani da idonsa. Hanyar jirage da abin da ke ƙarƙashin ruwa ba nasu ba ne, na hukumar teku ne. Baba ya tambayi tsayin da za mu yi. Ya ce wannan mu muka san aikinmu, ta dai kasance a waje.

Mai mota ya sa hannu. Ni da Baba muka dangwala yatsa, a matsayin waɗanda za su gina, kuma waɗanda za su kwashe in an ce a kwashe. Takardar ta zauna a aljihun mai mota cikin wata jakar fata.

Baba bai yi wasa da awo ba. Ya kafa gora a inda gadar za ta ƙare, ya yi kwana bakwai yana zuwa safe da rana da yamma, yana tsaga alama da wuƙa a inda ruwa ya kai. Ruwan yana ɗan hawa yana ɗan sauka, amma tsakanin alamar sama da ta ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. Sai ya ce za mu yi gadar taƙi biyu sama da alamar da ta fi tsayi. Dalilinsa mai kyau ne. A haka bakin huri zai zo daidai da kan gada, a mirgino dutse kawai, ba sai an ɗaga ba.

Akwai wani tsohon masunci Balarabe da ke gyaran koma a kusa da mu. Kullum yana nan, ba ya shiga harkarmu. Ranar da muka fara jera dutse ya taso, ya tsaya yana kallo, sannan ya kira mai mota ya yi masa magana yana nuna cinyarsa da hannu.

Mai mota ya ce, “Ya ammi, wai ya ce kun yi ƙasa. Wai in sanyi ya shigo ruwa yana kaiwa nan.”

Baba ya ajiye dutsen da ke hannunsa. Ya ce, “Tambaye shi, wane kogi ne ke zuba a tekun nan?”

Aka tambaya. Babu.

“Ruwan sama fa?”

Sau biyu ko uku a shekara, wata shekarar ma babu.

“To ƙarin daga ina zai zo? Ruwa haihuwa yake yi?”

Masuncin ya ce iska ce ke kawo shi, iskar kudu. Ya ja Baba zuwa wani tsohon turke da yake ɗaure jirginsa, ya nuna masa busasshen gansakuka da ya zagaye turken can sama. Baba ya kankare shi da farce, ya ce wannan fantsamar igiyar ruwa ce. Ya ce wa mai mota, “Ka yi masa godiya. Ka ce shekarata talatin a kan ruwa. Iska ta kawo ƙura na yarda, ta kawo fara na yarda. Ruwa kuwa damina ke kawo shi.”

Masuncin ya ɗaga kafaɗa, ya ce, “Ala kefak, ya hajji,” wato yadda ka ga dama, ya koma kan komarsa.

Dukanmu mun bi bayan Baba. A inda muka tashi, ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi hadari, kowane yaro ya san haka. Mai mota an haife shi a Jidda, amma a cikin lungu ya girma, ko iyo bai iya ba. Ni da na yi shekara uku a bakin wannan tekun ya kamata in sani, sai dai daga kan siminti mai tsayin gaba biyu ba ka lura da kamu ɗaya. Kuma ban so in sani ba. Gajeriyar gada dutse kaɗan take ci, da wuri za a gama, da wuri ƙafata za ta fita daga ruwa.

Kwana ashirin da shida muka yi. Da safe aikin dutse, bayan la'asar aikin gada. Manya a gefe, ɓaraguzai a tsakiya, faɗinta kamu huɗu. Daga gaɓa muka fara muna turawa gaba, saboda haka ni a kan abin da aka gina nake tsayawa ina miƙa dutse. Da aka gama na jera katakai, na ɗora ƙarfe. Na yanki sanda daidai tazarar ƙafafun kura, da ita nake gwada tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kusoshin haɗi duk ni na ɗaure su, da wata sifana da mai mota ya aro. Ƙafar kurar da ta lanƙwashe wani maƙeri a unguwarmu ya miƙar da ita.

Ranar farko muka loda dutse ashirin, ni da wani muka tura. Ta yi ƙara, ta tafi. Wanda ya yi mini ba'ar usur ya sa yatsu a baki ya yi fito tun daga cikin ruwa. Baba ya tsaya a gaɓa ya harɗe hannu a baya, ranar kuma shi ya sayi kifin da muka ci.

Wata uku na yi ina tura kura. Ƙafa ta bushe. Wari ya tafi a sati na biyu, gyambo ya fara haɗewa daga gefe, kafin wata biyu ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi da fata siririya kamar ta albasa. Na koma sa takalmi. Mutum uku da suka huta da dako suka koma ɓamɓaro, dutse ya ƙaru, mai mota ya riƙa zuwa sau biyu a rana. Masunta ma wani lokaci suna ɗaure jirgi a jikin gadar su sauke kifi, ba mu hana ba. Ba ni da wani abin faɗi game da watannin nan. Aiki ne, ana yi ana tashi.

Sai zafi ya fara raguwa, iska ta juya ta koma ta kudu, mai ɗumi da laima. Wata safiya na ga alamomin gorar Baba duk sun nutse. Na ce ko gorar ce ta lotsa. Bayan kwana goma ruwa yana lasar bakin gada. Bayan wasu kwanakin ya hau kan dutse, ya tsaya, bai koma ba. Babu hadari, ko ɗigo ba a yi ba. Sama fes.

Baba yakan zo da sassafe ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana kallo. Ba wanda ya tuna masa maganar masuncin. Masuncin ma bai ɗago kai daga komarsa ba.

Na ce, “Baba, mu ɗaga ƙarfe mu ƙara dutse.”

Ya ce, “Bari mu gani. Abin da ya zo ba dalili, ba dalili zai koma.”

Bai koma ba. Ruwa ya rufe ƙarfe, ya kai idon sawu a kan gada, a ƙarshenta ma ya fi haka don can ta ɗan zauna. Na daina turawa, na koma tsayawa a gaɓa ina jan kura da igiya, wasu suna turowa. Muka kafa gora a ƙarshen gadar muka ɗaura mata jan tsumma. Iska ta yi ƙarfi kwana biyu ta tafi da ita. Muka ce gobe za mu kafa wata.

Goben da hantsi wani jirgin masunta ya shigo, babba, na katako. Baƙi ne daga kudu, ba su san wajen ba. Ruwa ya yi dauɗa saboda iska, ba a ganin ƙasa. Matuƙin ya ga fili ya yanke hanya, ya hau kan ƙarshen ƙarfenmu. Muna gaɓa muka ji ƙarar. Katako biyu suka fashe a cikin jirgin, ya kwanta gefe guda, kifinsu ya koma inda ya fito. Ba wanda ya mutu, wajen iya ƙirji ne. Muka taimaka aka jawo shi gaɓa. Matuƙin ya zage mu da Larabci tun daga kakanni, bai bar kowa ba. Ba mu rama ba.

Washegari jami'in hukumar teku ya zo a ƙaramin jirgi mai inji. Mutum ne mai sanyin magana. Ya sa aka tsayar da jirgin a kan gadar, ya karɓi sanda ya caka, ya ji dutse, ya ji ƙarfe. Ya bi ta har gaɓa yana cakawa. Mai mota ya fito da takarda daga jakar fata ya miƙa da hannu biyu. Jami'in ya karanta har ƙasa.

Ya ce, “Takarda mai kyau ce. Ina gadar?”

Mai mota ya nuna ruwa.

“Wannan takarda ta abin da ke sama da ruwa ce. Ni abin da sandata ta taɓa yana ƙasa, a bakin hanyar jirage. Wa ya ba ku izinin wannan?”

Mai mota ya shiga roƙo, ya ce mu miskinai ne, ba mu sani ba, za mu ƙara mata tsayi, za mu kafa fitila. Jami'in ya saurara har ya gama. Ya ce ba ya hana mu neman sabon izini, amma wannan karon sai ta ofishinsu ma, kuma sai an zo an auna da sanyi. Kafin nan abin da ke cikin ruwa ya fita, ƙarfe da dutse, cikin kwana goma. Ya ce jiya katako ne, gobe yana iya zama mutum. Ya tambayi masu yatsun da ke kan takardar. Ni da Baba muka matso. Ya dube mu, ya rubuta wani abu, ya tafi.

Mai mota ya je baladiyya ko za su sa baki. Ya dawo ya ce sun ce maganar jami'in daidai ce, abin da mai awonsu ya faɗa mana ke nan tun farko. Ya zauna a matakin motarsa ya cire hula.

“Kwana goma, ya jama'a. In suka dawo suka caka sanda suka ji ƙarfe, sunana ne a sama, yatsunku a ƙasa. Yalla, ku fara.”

Dutse kowa zai iya kwashewa. Ƙarfe ne matsala. Ba a taɓa dutse sai an ɗaga shi, kusoshin haɗi kuwa suna ƙarƙashin ruwa, gishiri ya cinye su. Mutum biyu suka gwada da sifana rabin yini, suka sule kan kusa uku, ba su kwance ko ɗaya ba. In kan kusa ya sule sai zarto, zarto kuwa a cikin ruwa aikin wata ne. Ni na san inda ake bugawa kafin a murɗa, da wanda ake fara saki don ƙarfe ya sassauta.

Na fara naɗe wando. Baba ya riƙe mini hannu.

“Ba za ka shiga ba. Ni na auna, ni zan shiga. Ka tsaya nan ka riƙa gaya mini.”

Na ce, “Baba, da baki ba ya yiwuwa. A hannu ake ji.”

“Likita ya gaya maka magana.”

“Jami'i ma ya gaya mini.”

Ya sake ni. Ya tafi wajen mai mota ya karɓo tsohon tif na taya, ya yanka, ya ɗaure bakin ɗaya da waya. Da hannunsa ya shafa mini man jirgi a ƙafa, ya zura ta cikin tif ɗin har gwiwa, ya ɗaure da igiya. Ya ce, “Haka muke yi wa mai ciwo a Kwara, da fatar akuya.” Ban tambaye shi ko tana hana ruwa ba.

Kwana uku ta hana. Ina durƙushe a ruwa, hannu a ƙasa ina lalube, in buga, in murɗa, in miƙa kusa baya. Baba yana bayana da kwando yana karɓa. Duk ƙarfen da na saki, mutum huɗu su ɗauke. A rana ta huɗu bakin wani katako ya huda tif ɗin. Na ji sanyi ya shiga. Saura haɗi goma sha huɗu. Na ci gaba. Da yamma da aka zare tif, fatar tabon ta yi fari ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Washegari ta buɗe.

Matata ta gani, ta ɗora ruwa a wuta.

Na gama ƙarfe a rana ta shida. Daga nan Baba ya hana ni taɓa komai, ya ɗauki rabona na dutse a kan nasa, tsoho da shi, yana shiga yana fita da gammo har magariba. Suka gama a rana ta tara. A ta goma jami'in ya dawo, ya bi wajen da sandarsa daga turken ƙarshe har gaɓa, bai ji komai ba sai laka. Ya karɓi takardar ya buga mata hatimi ya tafi da ita. Ina zaune a rumfa, ƙafa a kan buhu, ta kumbura har idon sawu.

Jirgin baƙin nan mu muka kawo katako, wani kafinta ya gyara, suka tafi. Sabon izini ba a nema ba. Mai mota ya ce magina sun fara komawa bulo na siminti, ba zai sake zaman benci don dutse ba. Sauran suka koma ɗauka a ka.

Na kai sati biyu ina gashi a gida. Yatsan ya yi baƙi. A asibiti wannan ma'aikacin ɗan Sudan ya gane ni, ya ce, “Kai ne? Ba mun gaya maka ba?” Na ce kun gaya mini. Suka cire ƙaramin yatsa da ɗan abin da ke bayansa, suka bar sauran. Likita ya ce na yi sa'a.

Baba ya zo duba ni sau ɗaya, ya kawo dabino a ƙullin takarda. Ya zauna a bakin gado ya daɗe. Ya ce, “Ka yafe ni.” Na ce ba shi kaɗai ya gina ba. Muka yi maganar wasu abubuwa, ya tashi.

Da na fito mai mota ya samo mini gadi a wani sito na katako kusa da tasha. Aikin zama ne, buɗe ƙofa da rufewa. Na koyi tafiya da yatsu huɗu cikin wata biyu. Takalmin hagu ne kawai sai na cusa tsumma a gefe, in ba haka ba yana zamewa.